Kayan da Ke Kwana a Gida Ranar Farauta

Mu nan Kafanchan da kewaye, da zarar an gama tonon citta, an kai dawa rumbu, hunturu ya fara tsattsaga leɓe, to hirar majalisa ta koma ta daji. Daga Kagoro da Manchok har Zonkwa, Kwoi da Gidan Waya zancen ɗaya ne: wane ya ga sawun gada a bakin rafi, wane karensa ya tono burgu a gindin ɗorawa. Mutanen Kagoro ma rana suka yi wa abin. Bikin Afan na 1 ga Janairu asalinsa shelar an gama girbi an buɗe farauta ne, shi ya sa za ka ga maharba sun fito fili da kwari da baka, ana busa ƙaho.

Ban taɓa jin wanda ya bar gida ya manta da bindigarsa ba, ko gora, ko barandami, ko layar damtse. Waɗannan tun da dare ake jingine su a bakin ƙofa. Ƙananan kaya muke bari, waɗanda in ka haɗa kuɗinsu duka bai kai na tiyar masara ba, kuma su ne ke sa a dawo gida da fara'a ko a dawo ana ɗaure fuska.

Gishiri ne sarkinsu. An samu fakara biyu da hantsi, an hura wuta, an fige, an gasa har mai yana ɗiga a garwashi, sai kowa ya fara kallon jakar ɗan'uwansa.

"Kawu, gishirin fa?"

"Yaro, ai kai na ga ka shiga madafi da asuba."

Haka za a ci nama lami, a yi ta mita har la'asar. Matanmu sun fi mu sanin halinmu. Mai dabara ba ta tambaya, ƙulle gishiri take yi da yajin citta a 'yar leda ta cusa a ƙasan burgami. In ta ƙara da sukari ta gama maka komai, domin wanda rana ta buga ko gudawa ta kama a daji, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa lita ɗaya suna iya riƙe shi har a kawo shi gari.

Ashana kuwa ana tunawa da ita, ledar da za a naɗe ta ake mantawa. Raɓar gindin Dutsen Kagoro ba ta wasa ba ce, kafin gari ya waye kwalin ya yi laushi. Tsofaffinmu da ƙyastu suke yawo saboda haka. Kuma duk wanda ya ɗauki ashana ya ɗauki alhakin kashe wutarsa, don a wannan lokacin ne citta take shanye a kan duwatsu, ga harawa, ga makiyaya da ke dogara da sauran ciyawar. Gobarar daji ɗaya tana iya cinye wahalar mutum ta shekara. Akwai kuma batirin tocila na biyu, da ɗan dutsen washi, da allura da zare, da robar cikin tayar babur da aka tsattsaga. Robar nan ba ta da tsara: ta ɗaure kaya, ta gyara takalmi, ta riƙe ƙotar gatari, in itace ya jiƙe ka kunna guntunta ta tayar maka da wuta.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na karnuka. Mutum zai cika gorarsa da ruwa, ya zuba garin kwaki da ƙuli-ƙuli a jaka, ya sa goro a aljihu, bai tuna cewa wanda zai yi gudun gaske ƙafa huɗu gare shi ba. Mu muna tafiya ne, kare yana kai da komo, ya hau tudu ya gangara kwari, ya kutsa cikin gamba. Zuwa tsakar rana harshe ya zazzago, haƙarƙari na bugawa, a lokacin ƙoramu da yawa sun ƙafe. Kar yawan ruwan da ke kwarara daga kan dutse a Matsirga ya ruɗe ka, ba ko'ina ne haka ba a watan Fabrairu. Na ga dattijon da ke tafiya da tsohon kwanon roba rataye a ƙugu, duk inda aka tsaya sai ya fara zuba wa karnuka kafin ya kai gora bakinsa. Nasa ne kullum ke da sauran ƙarfi da yamma, lokacin da na wasu suka kwanta a inuwa suka ƙi tashi. A haɗa da igiyar jan kare, saboda ratsa ruga ko ƙauyen mutane, kuma a tabbata an yi masa allurar haukan kare tun kafin kaka ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai karara. Wanda bai taɓa shiga cikinta ba ba zai gane dalilin da ya sa ƙato mai gemu zai yar da bindiga ya kama tuɓe riga a tsakiyar daji ba. Gashin kwasfarta iska ma tana ɗebo shi da rani, ga ta kuwa birjik a bakin kurmi. Mu dai da man ja ko toka muke gogewa, shi ya sa ɗan kwalbar man ja yake da muhalli a jaka. Riga mai dogon hannu ta fi komai, sai man kaɗanya saboda faso.

Takalmi kuma, jama'a, mu ji tsoron Allah. Kusan kowane gidan manomin citta akwai dogon takalmin roba, amma ranar farauta sai saurayi ya fito da silifa wai don ya ji daɗin gudu. Kububuwa ba ta da girma, launinta na busasshen ganye, dafinta kuwa hana jini daskarewa yake yi, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Kasa tana kwance ba ta gudu, sai ka taka ta. Yawancin sara a ƙafa ne, ƙasa da gwiwa, daidai inda takalmin nan yake rufewa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. To da me za a nufa? Nan ne ake tuna cewa babu wanda ya riƙo kuɗin mai, babu wanda ke da lambar ɗan acaɓa, wayar ma cajinta ya ƙare tun safe wajen jin waƙa. Ni ina ganin 'yan kuɗin nan da ake naɗewa a leda a ɗinke cikin aljihu sun cancanci a lissafa su tare da albarushi.

Buhu na daban domin nama, da guntun sabulu, su ma a sa su. Musamman yaranmu masu bin ɓeraye bayan an ƙone daji: zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin wani ɓera ake ɗaukarsa, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Hannun da ya feɗe nama kada ya shiga kwanon gari sai an wanke.

Ciyawarmu ta kudu ta fi tsayin mutum, ba irin ta Kano ko Katsina ba ce da za ka hango abokinka daga nesa. Motsi kawai kake gani. Shi ya sa kakanninmu ba sa shiga daji babu ƙaho. Yau ƙahon ya koma na biki, ba mu kuma maye gurbinsa da komai ba, alhali usur na 'yan ƙwallo yana nan a kasuwa da araha. Kowa ya rataya ɗaya, ya ɗaura jan ƙyalle a ka ko a kafaɗa, a kuma yarda tun a gida cewa ba a harbin abin da ido bai tantance ba. Duk garin da ake farauta akwai labarin wanda ɗan'uwansa ya harba bisa kuskure, kuma gidaje biyu ne ke shiga makoki ranar.

Na ƙarshe ba ya da nauyi ko kaɗan, amma a zamanin nan ya fi duk sauran. Da can maharbi fuskarsa ce shaidarsa. Yanzu dajin ya cika da tsoro, kowa ya ga baƙo da bindiga gabansa faɗuwa yake yi, kuma mu a kudancin Kaduna mun san dalili, ba sai an faɗa mana ba. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, ya isa ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Katin ɗan ƙasa, katin ƙungiyar maharba, takardar izinin bindiga daga 'yan sanda, a naɗe su a leda a sa a aljihun ƙirji. Kafin a fita, Sarkin Baka ko babban tawaga ya je ya gaida mai unguwa, ya faɗa masa mu nawa ne, wane daji za mu shiga, yaushe za mu fito. A aika wa 'yan sintiri, a aika wa dagacin ƙauyen da za a ratsa, in akwai ruga a hanya a sanar da ardo. A gida ma kar a tsaya kan "sai mun dawo". A faɗa wa uwargida sunan dajin da sunayen abokan tafiya, a kuma ce mata in an yi sallar isha'i ba ta ji haushin karnuka a ƙofar gida ba, ta aika yaro wurin mai unguwa.