Yallabai, Akuyar Maƙwabta Ce

Kafin korona, ma'aikaci yana da fuska biyu, kuma babu mai haɗa masa su wuri guda. Ta ofis tana cikin babbar riga tana cewa "za a duba". Ta gida tana cikin singileti tana korar kaji daga shanya. Da aka sanya dokar kulle a Legas da Abuja a ƙarshen Maris na 2020, Kano ta biyo baya a Afrilu, sai aka kwaso ofis aka jibge shi a ɗakin kwana. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Ba a sa mage da akuya da zakara a cikin lissafin ba, alhali sun halarci tarurrukan, wasunsu ma sun fi masu gidan yawan magana. Kulle ya wuce, amma aiki daga gida ya samu wurin zama a wajen 'yan jarida da masu fassara da masu rubuta manhaja da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya saba zama irin waɗannan tarurruka ya san cewa ana gane mutum ne daga abin da ya yi a lokacin da dabbarsa ta yi kuka kowa ya ji.

Wanda ya fi yawa a wajenmu shi ne mai musu. Yana tsakiyar bayani kan kasafin kuɗi, sai akuya ta kwarara kuka dab da kunnensa. Ko ƙifta ido ba zai yi ba. "Yallabai, a yi haƙuri, ta maƙwabta ce." Akuyar maƙwabtan nan kuwa ta san hanyar ɗakinsa, ta san inda yake ajiye takardu, a yanzu haka ma gefen rahoton da yake karantawa take tauna. Gani yake idan ya amsa tasa ce, za a ɗauke shi baƙauye. Alhali ita ce asusun gidan, ita za a kai kasuwa ranar da kuɗin makaranta ya taso albashi bai shigo ba. Rabin mutanen taron ma suna da irinta, sun dai fi shi saurin kashe makirufo.

Akwai kuma mai dakewa, wanda ba ya musu, ba ya ba da haƙuri, ci gaba kawai yake da maganarsa. Wannan hali na manya ne, kuma a ƙasashen Turawa aka ga gwanayensa. A watan Yulin 2020, babban limamin majami'ar Canterbury ta Ingila, Robert Willis, yana gabatar da addu'ar safe ta bidiyo daga lambunsa, sai magensa mai suna Tiger ta haye teburi ta riƙa tsoma hannu a cikin madarar shayinsa tana lasa. Dattijon bai fasa abin da yake yi ba. A watan Mayun 2021 kuma, shugaban ƙasar Ireland na lokacin, Michael D. Higgins, yana yi wa gidan talabijin bayanin ta'aziyyar wani ɗan wasan kwaikwayo da ya rasu, ƙaton kwikwiyonsa Misneach na ta cusa masa kai yana gatsar masa hannu. Fuskar shugaban tana ta'aziyya, hannunsa yana lallashin kare. Ni dai ina ganin wanda ya iya wannan ya cancanci ƙarin girma a kowace ma'aikata, domin ya nuna zai iya aiki da kowa.

Sai bawan mage, wanda shi ne abin tausayi, shi ne kuma ya fi kowa jin daɗin halin da yake ciki. Za ka aika masa saƙo da ƙarfe tara, amsa ta zo bayan azahar, cike da kurakurai, domin da hannu ɗaya ya rubuta ta. Ɗayan hannun mage ta yi matashi da shi. Fitsari ya matse shi tun hantsi, ƙafarsa ta mutu, wayarsa na ta ruri a can kan gado, amma tashi ba zai yiwu ba, "ai barci take yi". Mage kuwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, don haka wanda ya ɗaura aikinsa a kan farkawarta ya shirya ajiye aikin ne. Idan ka ce masa ya fitar da ita ya rufe ƙofa, sai ya gyara zama ya kawo maka hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage har ta mutu da yunwa. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da ya tsallake shi ne matar hana ta abinci ta yi, tasa kuwa ta ci kan kifi da safe, ta sha madara, ta kuma ɗanɗana ƙwan da aka soya masa.

A yi masa adalci, ba shi kaɗai ke da laifi ba. Zafin jikin mage yakan kai digiri 38 zuwa 39, ya ɗara na mutum, kuma tana son ɗumi fiye da mu, shi ya sa kwamfutar da ta ɗauki zafi ta fi mata kowace katifa. Ga shi kuma ta lura nan ne idon maigida yake wuni, to ina za ta kwanta in ba nan ba? A 2009 wata mai bincike a Jami'ar Sussex, Karen McComb, ta nuna cewa idan mage na neman abinci takan cusa wani siririn kuka a cikin gurnaninta, mai kama da kukan jariri, wanda kunnen ɗan Adam ba ya iya sharewa. Karnuka ma ba a bar su a baya ba: binciken da aka buga a 2019 ya gano suna da wata tsoka da ke ɗaga musu gira su yi kalar tausayi, wadda ba ta bunƙasa a jikin kyarkeci ba. Wato dabbobin nan sun yi dubban shekaru suna nazarin mu, mu kuma kwas ɗin mako biyu aka yi mana kan aiki daga gida.

Maƙwabcin bawan mage a hali, ko da yake shi gani yake kishiyarsa ne, shi ne mai kafa doka. Ya tara iyalinsa ya sanar: daga ƙarfe takwas zuwa huɗu ɗakin nan ofis ne, ba yaro ba dabba. Yara sun ji, uwargida ta ji. Mage ta zo bakin ƙofa ta fara karta. Ya yi banza da ita. Ta ƙara da kuka. Ya daure, ya daure, a kuka na goma ya tashi a fusace ya buɗe, don kawai ya kore ta, sai ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige ƙarƙashin gado. Abin da ya koya mata ke nan: kuɗin shiga kuka goma ne. Gobe idan ya kai goma bai buɗe ba, za ta fahimci an yi ƙarin farashi ta biya ashirin. Irin wannan mutum a ofis shi ne mai manna takardar gargaɗi a bango wadda shi zai fara karya ta.

Mai fakewa kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da can cunkoson hanya yake ɗora wa laifi, ko ruwan sama, ko rasuwar wani kawu da ya riga ya rasu sau biyu. Yanzu ga sabon mai laifi wanda ba ya iya kare kansa. "Ranka ya daɗe, wallahi na gama, mage ce ta taka ta goge." Mako mai zuwa ɗan akuya ya tauna wayar caja. Na gaba kaza ta yi kashi a kan takardar. Abin haushin shi ne duk waɗannan suna faruwa da gaske, shi ya sa ba a iya kama shi. A ma'ajiyar tarihi ta Dubrovnik, a ƙasar Kuroshiya, akwai wani kundi na ƙarni na 15 da ke ɗauke da sawun mage da ta taka tawada ta bi ta kan rubutun. A shekarar 2000 kuma an ba wani Ba'amurke, Chris Niswander, kyautar barkwanci ta Ig Nobel saboda ya ƙirƙiri manhajar PawSense, mai gane takun mage a kan madannan kwamfuta ta kulle su. Ka gaya wa mai fakewa akwai irin wannan manhaja, ka ga yadda zai canza magana. Magen tasa dai, in ka je gidan, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, tana can kan katanga ba ta ma san yana da kwamfuta ba.

Wani kuma kaɗaici ne ya mayar da dabbarsa abokiyar shawara. Kafin ya aika wa oga wasiƙa sai ya karanta mata, idan ta yi hamma ya rage tsawon. Yana da magabaci a harkar ilimi. A 1975, Jack Hetherington, masanin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Jami'ar Jihar Michigan, ya gama buga wata maƙala da tafireta, sai aka ankarar da shi cewa ya yi ta rubuta "mu" alhali shi kaɗai ne marubuci, kuma mujallar ba ta yarda da haka. Maimakon ya sake bugawa daga farko, sai ya sa magensa a matsayin marubuci na biyu, da sunan F. D. C. Willard. Maƙalar ta fito a Physical Review Letters. Mun san mutane da yawa da sunansu ya hau maƙala da gudummawar da ba ta kai ta wannan magen ba, domin ita aƙalla tana ɗakin lokacin da ake rubutun.

Mai tattabaru ba ya buƙatar dogon bayani. Jikinsa na taro, idonsa na sama, kuma duk lokacin da ka ga ya ɓace daga kyamara ba sallama, shaho ne ya gilma. Mai zakara shi ma haka: ya kashe makirufo na minti arba'in zakara bai ce uffan ba, ana cewa "Malam, bismillah, muna sauraronka," sai cara. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho ana taron hukumar gudanarwa, sai ya yi.

Mai ragon layya na lokaci ne, yakan bayyana makonni kaɗan kafin Babbar Sallah. Shi ba ya ɓoye komai. Hasali ma ya gyara zaman kujerarsa yadda tagar za ta fito a kyamara, ragon kuma ya fito a tagar. Da rago ya tunkuyi ƙyaure, sai ya yi tsaki na ƙarya: "Kai, wannan balamin ya dame ni." Ya faɗi irin ragon ke nan ba tare da an tambaye shi ba. Daga nan taro ya watse. Nawa ka saya? A wace kasuwa? Dusa kake ba shi ko kowa? Wanda ya kira taron don a tattauna rage kashe kuɗi shi ne zai fara cewa a juya kyamarar a ga ƙahon da kyau.

Har wanda ba shi da dabba bai tsira ba. Wata gona a Lancashire ta Ingila, Cronkshaw Fold, ta riƙa ba da hayar awakinta su leƙo taron mutane ta bidiyo a kan fam 5, kuma zuwa farkon 2021 ta tara kimanin fam 50,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da mai musu ke ɓoyewa kyauta, wasu biya suke a kawo musu. A watan Fabrairun 2021 kuma wani lauya a Texas, Rod Ponton, ya shiga zaman kotu ta Zoom da kwamfutar ma'aikaciyarsa, wadda aka bar wa wani saiti mai mayar da fuskar mutum ta 'yar mage. Ya kasa cirewa, har ta kai shi ga tabbatar wa alƙali cewa shi ba mage ba ne, kuma a shirye yake a ci gaba da shari'a a haka.

Duk wannan hayaniya, akwai wadda ke kallonmu tana dariya, ita ce tsohuwar hannu. Matan Hausawa sun daɗe suna aiki daga gida: mai tuyar ƙosai, mai ɗinkin hula, mai ƙuli-ƙuli, mai saƙa, mai kitso. Kowaccensu ta yi shekaru tana sana'a da goyo a baya, akuya na hararar kwanon wake, kaji na jiran ta juya. Ba ta taɓa neman shawarar masana ba. Ta ɗaure akuya tun da asuba ta zuba mata harawa, ta watsa wa kaji tsaba can nesa da murhu, ga 'yar tsumagiya a gefe wadda ba ta cika dukan kowa da ita ba, ɗagawa kawai take. Idan ɗanta mai digiri biyu ya fito yana ƙorafin mage ta hana shi aiki, sai ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, ka ba ta abinci kafin ka zauna mana. Yunwa ce ba ƙauna ba."

Wanda ko tsohuwar hannun nan ba ta da maganin matsalarsa shi ne mai aku. Sauran dabbobi katse taro kawai suke yi, aku kuwa rahoto yake kaiwa. Ya yi wata da watanni a kusurwar ɗaki yana sauraron abin da maigida ke faɗi bayan an kashe kyamara, ya haddace har da muryar da tsakin. Ranar da aka zo taron tantance ma'aikata, oga ya gama dogon jawabinsa ya ce, "Akwai mai tambaya?" sai aka ji daga bayan maigida, da muryar maigida sak: "Mtsw, wannan mutumin ba ya gajiya da surutu." Ɗakin taro ya yi tsit. Maigida ya buɗe baki zai ce na maƙwabta ne, sai akun ya ƙara da cikakken sunan ogan, har da laƙabin da ake kiransa da shi a ɓoye.