Wasiƙa zuwa ga Nonilfenol, ɗan gidan Kumfa

Daga Garhanga, gundumar Keita, jihar Tawa.

Ranka ya daɗe, ko da yake ba ka buƙatar wannan addu'a, tunda kai ba ka ruɓewa da wuri.

Bayan gaisuwa, labarin asalinka ya iso mana. Mahaifinka ma'aikacin kirki ne: shi ke cire maiƙo daga fata a kamfanonin jima, shi ke wanke ulu da yadi a masaƙu. In ya gama aiki, ruwan datti ya kai shi matatar birni, bakteriya su cinye masa wutsiya su bar kai. Wannan kan, kai ne. A gidan tsarki aka haife ka, amma ka fito ka fi ubanka dafi. Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Mun ji abin da ka aikata a kogin Aire na Ingila a shekarun 1990. Ka shiga jikin kifi kana kwaikwayon sinadarin mata, har mazan kifi suka kama yin sinadarin kwaiduwar ƙwai. Haba malam! Ko kishiya ba ta yi wa gida haka. Ragowarka kuwa ta lafe cikin laka, a kwashe a kai gona da sunan taki.

Tarayyar Turai ta taka wa gidanku birki a 2003, a 2021 kuma ta hana shigo da tufafin da mahaifinka ya maƙale a ciki. Korarre kuwa masauki yake nema. A Kano ruwan kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai yana gangarawa kogunan Challawa da Jakara, masu lambu kuma suna ban ruwan latas da shi. Ka ga ƙofa a buɗe.

Shi ya sa na riga ka. Mu nan ba mu da matata, balle ta haifo mana irinka. Majemanmu da bagaruwa suke jima. Ruwan ma sai an sha wahalar guga da jaki, ɗan ruwan da muke tarewa kuwa iyayenmu mata ne suka ɗauko duwatsun madatsarsa a ka, tun zamanin aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984. Ba don kai suka yi ba.

In fatun awakinmu sun same ka a can Kano, ku gaisa. Amma kada ka biyo su gida.

Naka da ba ya marmarin ganinka,
Wani manomi a Garhanga