Ire-iren Masu Neman Kira a Zumuntar Matasa

A majami'un Arewacin Nijeriya da ake yin sujada da Hausa, daga Wusasa zuwa Kagoro, daga Gindiri zuwa Garkida da Numan, da wuya a yi taron matasa a watse ba a taɓo zancen kira ba, wato aikin da mai bi yake ganin Allah ya keɓe masa a duniya. Malaman tauhidi, masu nazarin koyarwar addini, sun daɗe da raba kira gida biyu: akwai na kowa da kowa, shi ne bin Almasihu, akwai kuma na mutum shi kaɗai, wanda ya shafi sana'arsa da gidansa da zamansa da jama'a. Tun a shekarar 1520 Martin Luther ya rubuta wa masu sarautar Jamus cewa maƙeri da manomi da baduku kowannensu yana da aikinsa a gaban Allah kamar yadda limami yake da nasa, kuma mabiya koyarwarsa 'yan ƙasar Denmark sun iso Numan a 1913. Sai dai kiran da zai ƙare a bakin maƙera ko a kan keken ɗinki ba shi da armashi a kunnen ɗan shekara 22, kuma daga nan ne ire-iren mutanen da za a bayyana suke samo asali, waɗanda duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na Zumuntar Matasa zai shaida su tun daga nesa.

Na farko, wanda kuma ya fi yawa, shi ne mai jiran kira. Wannan ya gama makaranta, wani lokaci har da bautar ƙasa, dangi kuma sun kawo masa shawarwari iri-iri, daga koyon walda da gyaran wayar hannu har zuwa kama gonar cittar kawunsa, amma amsarsa guda ce ga kowa, cewa yana jiran Ubangiji ya yi magana. Madogararsa Gidiyon ne, wanda Littafin Mahukunta ya ba da labarin yadda ya shimfiɗa ulun tunkiya a masussuka har dare biyu yana neman alama ta hanyar raɓa, sai dai Gidiyon da ya samu alamarsa ya tashi ya tafi yaƙi, shi kuwa mai jiran kira duk alamar da ta zo masa sai ya nemi wata da za ta tabbatar da ita. Abin da bai cika lura da shi ba shi ne mutanen da yake kafa hujja da su a bakin aiki kira ya same su: Gidiyon yana sussukar alkama, Musa yana kiwon garken surukinsa, Elisha yana huɗa da shanu, Bitrus da Andarawas suna jefa taru, Matiyu yana zaune a wurin karɓar haraji. Ba a ruwaito ko ɗaya da kira ya iske a teburin mai shayi yana gardamar ƙwallon Ingila ba.

Wani abin sha'awa game da kiran da yake jira shi ne, ko da yake bai iso ba tukuna, an riga an san inda zai nufa, domin a mafarkansa Abuja yake gani, ko Legas, in kuma azumi ya yi tsawo sai ya hango Kanada. Samari uku da suka sauka Legas a 1893 da nufin kai bishara cikin yankin da a lokacin ake kira Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyun farko cuta ta kashe su a 1894, kuma daga aikin da na ukun ya ci gaba da shi ne ikkilisiyar ECWA ta kafu a 1954, wadda har yau take aika masu bishara ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Kiran mai jira bai taɓa yin kuskuren nuna irin waɗannan ƙauyuka ba, ballantana wanda babu sabis a cikinsa. Jiran bai hana shi sanin lokacin da ake kwashe tuwo ba, kuma da alama irinsa ba sabon abu ba ne, tunda Manzo Bulus sai da ya ware wani sashe na wasiƙarsa ta biyu ga Tasalonikawa domin 'yan'uwan da suka ajiye aiki suna cin gumin wasu, ya kuma haɗa cin abinci da yin aiki a hukunci guda. Wannan sura ba ta cikin waɗanda mai jiran kira yake haddacewa.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai wahayin aure, wahayi kuwa shi ne abin da mutum ya ce an bayyana masa daga sama ba tare da ya nema da hankalinsa ba. Wannan ba ya zuwa zance yadda samari suka saba, sai dai ya tsare yarinya a bakin ƙofar majami'a bayan sujada, Littafi Mai Tsarki a hammata, ya sassauta murya ya ce, “'Yar'uwa, na yi azumin kwana uku, Ubangiji kuma ya nuna mini ke.” Dabarar tana da ƙarfi, domin wadda ta ƙi shi ba saurayi kaɗai ta ƙi ba a ganinsa, ta yi jayayya ne da nufin Allah. Masu lura da al'amura sun gano cewa irin wannan wahayi yana da zaɓe, yakan sauka a kan ma'aikaciyar jinya mai albashi ko wadda ke sahun gaba a ƙungiyar mawaƙa, ba a kuma cika jin ya sauka a kan wadda ke da ƙanne shida a wuyanta ba. Akan samu 'yan'uwa uku su yi mafarkin yarinya ɗaya a wata ɗaya, har sai dattawan ikkilisiya sun zauna a kan maganar, inda fasto mai shekaru yakan bar zancen mafarki gefe ya tambayi kowannensu, “Ɗana, da me za ka ciyar da ita?” 'Yan matan ma sun samo tasu amsa, wadda ba ta da makusa ta fuskar tauhidi: “To, ɗan'uwa, sai mu jira ni ma ya nuna mini.” Galibi wahayin yakan dushe da kansa ranar da aka miƙo takardar kayan aure. A ɓangaren mata akwai takwararsa, mai jerin sharuɗɗan miji a bayan littafin waƙoƙinta, wanda na farkonsu tsoron Allah ne na ƙarshe kuma mota, amma daga ƙasa take fara dubawa.

Sai mai kowace ƙungiya, wanda tun yana sakandare ya riƙe muƙami a FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, kuma tun daga lokacin bai sake zama ɗan ƙungiya kawai ba a ko'ina. Litinin yana kwamiti, Talata nazarin Littafi Mai Tsarki, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis gwajin waƙa, Juma'a kwanan addu'a, Asabar kuma ya ɗaura ɗamara ya sa hula ya fita fareti da yaran Boys' Brigade. A majami'a shi ne abin misali, a gida kuwa randa ta bushe, awaki sun kwana a waje, mahaifiyarsa kuma takan ji labarin ƙwazonsa ne daga bakin maƙwabta. Masu wa'azi sukan kamanta shi da Marta, wadda Luka ya ce hidima ta ɗauke mata hankali, amma an zalunci Marta da wannan kwatanci, domin ita a gidanta take kai-komo, baƙinta kuma abinci take shirya musu.

Ɗan yawon majami'u ya fi kowa tafiya. Duk inda aka manna takardar taron farkawa, wato taron kwanaki da ake yi domin sabunta bangaskiya, to yana sahun gaba, kuma duk sa'ad da mai wa'azi ya ce masu son ba da ransu ga Yesu su fito sai ya fito, ta yadda ran nan guda an ba da shi a Jos, an ba da shi a Kaduna, an sake ba da shi a Kafanchan. Ɗakinsa cike yake da kwalaben man zaitun da hankicin da aka yi wa addu'a. Yana zagaya ikkilisiyoyi kamar mai bin rumfunan 'yan goro yana ɗanɗanawa bai taɓa kwance bakin aljihu ba, don haka babu inda aka taɓa ba shi tsintsiya ko aka tambaye shi gudummawar rufin kwano. Majami'ar da aka raɗa masa suna a cikinta ya yanke mata hukuncin sanyi da rashin Ruhu, amma ranar da mahaifinsa ya kwanta asibiti, matan Zumunta na wannan majami'a mai sanyi ne sukan zo da zanensu na anko da kwanukan abinci, su zauna har dare.

Akwai wasu biyu da ba su buƙatar dogon bayani. Mai bisharar waya yakan tura wa mutum saƙo a WhatsApp da ƙarfe biyun dare, ya umarce shi ya rubuta Amin ya kuma tura wa mutum goma kafin gari ya waye, da safe kuma ya nemi a ranta masa kuɗin data. Mai shaida kuwa, idan aka ba shi minti biyu ya faɗi abin da Allah ya yi masa, yakan fara da waƙa mai baiti huɗu, ya bi da tarihin kakansa, kafin ya iso kan batun, wanda sau da yawa sabuwar waya ce.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne mai tsarkin Lahadi, kuma ba a ganinsa da kyau sai a shagon tela a watan Disamba. Ranar Lahadi shi ne mai ba da waƙa, idanu a rufe, hannu a sama, murya na rawa. Ranar Litinin ya karɓi atamfar mutum arba'in alhali kekensa ba zai iya wuce ashirin ba kafin Kirsimeti, ya karɓi kafin alƙalami a hannun kowa, ya kuma sallami kowa da “da yardar Allah, jibi”, yana jingina wa Allah alkawarin da shi kansa ya san ba zai cika ba. A daren 24 ga wata shagon yakan cika da mata a zaune a kan buhunan ƙyalle, janareto na kuka, yaron shago yana ɗinka maɓalli da hasken waya, wata uwa riƙe da rigar ɗanta mai hannu ɗaya, shi kuwa maigidan ya zame ta ƙofar baya domin ana jiransa a gwajin waƙar Kirsimeti. Idan aka tambaye shi kiransa sai ya ce waƙa, ɗinki kuwa abin da yake taɓawa ne kafin Allah ya buɗe hanya. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin wata maɗinkiya a Yafa mai suna Dokas, wadda da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka, ba a kuma ambaci ko baiti ɗaya da ta rera ba. Bulus ma ya yi ɗinkin tanti a Korinti tare da Akila da Bilkisu. Irin wannan tela yana da 'yan'uwa a wasu sana'o'i, kamar mai awo da ya bubbuge gindin mudunsa, da malamin firamare da ke sa hannu a rajista ya wuce acaba.

A kowace zumunta kuma akwai wadda ta tabbata ba ta da kira, abin yana kuma damunta ƙwarai, domin ba ta taɓa yin mafarkin da ya wuce na kasuwa ba, muryarta ba ta waƙa ba ce, in aka ce ta yi addu'a a taro jimla uku take yi ta ce Amin. Tana sayar da ƙosai ko tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, tana biyan kuɗin jarrabawar ƙaninta, ranar Asabar kuma ita ke zuwa da tsintsiya tun kafin a buɗe ƙofa. Da yake babu mai son riƙe kuɗin zumunta, ita ake ba ma'aji, sai ta sayi littafin rubutu mai shafi arba'in ta ja masa layi da rula, ta riƙa shigar da baiko da kuɗin wata-wata har da naira hamsin da aka tsinta a ƙarƙashin benci. A taron ƙarshen shekara, idan ta karanta lissafi ya fito daidai, har da canjin kuɗin ruwan leda, mutane sukan yi hamma, domin lissafin da babu ɓatan kuɗi a cikinsa ba shi da daɗin sauraro. Bayan taron takan je wurin mai jiran kira ta nemi ya taya ta addu'a ko ita ma Allah ya nuna mata abin da aka halicce ta domin shi, shi kuma yakan karɓi roƙon da muhimmanci, ya ɗora mata azumi, ya tafi da ƙosan da ta kawo.

Na ƙarshe shi ne tsohon matashi. Yarjejeniyar Matasan Afirka, wadda aka amince da ita a Banjul a 2006, ta ƙayyade matashi da mai shekara 15 zuwa 35, amma wannan ya ba arba'in baya, furfura ta fito masa a gemu, babbar 'yarsa ma ta shiga zumuntar, duk da haka shi ne shugaba, kuma kowace shekara yakan sanar cewa zai sauka da zarar Ubangiji ya tayar da magaji. Duk matashin da ya nuna alamar tasowa sai ya gano cewa bai nuna ba tukuna a ruhaniya. Dattawa sun sha gayyatarsa zuwa Zumuntar Maza, inda ake zancen kuɗin makarantar yara da gyaran maƙabarta, amma yakan ce nawayar matasa ce aka ɗora masa, nawaya kuwa a bakin masu wa'azi ita ce damuwar da Allah ke sa wa mutum a zuciya domin wani aiki. Idan za a yi gasar ƙwallo tsakanin majami'u shi ke ɗaura ƙyallen kyaftin, ya buga minti goma, sannan a riƙo shi zuwa inuwa ana yi masa fifita, yana ba yara umarni daga kwance.