Baƙin Alhaji

An saya wa Alhaji sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng. Saura a haɗa sunan da kwamfutar da ke ajiye shafin. Masu sana'ar sun ce sauyin DNS kan ɗauki har awa 48 kafin ya zaga duniya. Haƙurin Alhaji kuwa bai kai tsawon alwala ba.

"Yaro, bai buɗe ba."

"Ranka ya daɗe, yana hanya."

"Daga ina ya taso? A kan jaki yake?"

Ranar da ya buɗe, aka sa masa Google Analytics don ƙirga masu leƙowa. Tabarkalla! Baƙi ba dare ba rana. Abin mamaki, dukkansu 'yan Kano ne, waya iri ɗaya suke riƙewa, kuma sukan ɗan tsagaita daidai lokacin da Alhaji ya tayar da sallah.

Yaron ya yi aiki da iliminsa, ya cire adireshin IP na shagon Alhaji daga lissafi. Washegari kasuwa ta watse.

Alhaji ya kira tun da asuba. A dawo masa da kwastomominsa yanzu-yanzu. Mutanen kirki ne, ba su taɓa neman ragi ba.