Mutanen da Ba a Rasawa a Kwamitin Kalankuwa

Da zarar an kai amfanin gona gida, hunturu ya fara kaɗawa, sai tunanin biki ya motsa a zukatan matasan gari. A da kalankuwa ake yi. Samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu, a kira makaɗa, a yi kwana da kwanaki ana dambe da kokawa, ƙauyukan kewaye su cika gari da kallo. Yanzu an ƙara wa abin kwalliya. Sai an buga takarda mai hatimi, an rubuta mata “Bikin Raya Al'adu da Koyar da Sana'o'i”, an kafa kwamiti. To shi kwamitin nan, ko a Gumel aka kafa shi ko a Tasawa, mutanen cikinsa iri ɗaya ne, sunaye da huluna kawai ke canzawa.

Wanda yake riga kowa zuwa taro shi ne Baba Na-ga-jiya. Yana da kujerarsa, ba mai taɓa ta. Ko me aka kawo, amsarsa ɗaya ce: “Ku yara me kuka gani?” Shi ya ga hawan dabar da aka yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC, kuma tun daga ranar bai sake ganin abin da ya isa a kira shi biki ba. Wanda ya daɗe yana zama da shi zai lura cewa muƙaminsa a wannan hawa yana ƙaruwa kowace shekara. Da farko a kan bishiya ya yi kallo. Daga baya ya zama shi ne zagin wani hakimi. Bana kuwa a kan doki yake, har Janar Obasanjo ya ɗaga masa hannu. Matasa suna ƙunshe dariya, amma ba mai iya sallamarsa, domin duk garin shi kaɗai ya san wa ke gaba wa ke baya a jerin gwano, inda 'yan bindiga suke tsayawa, da inda 'yan lifidi da 'yan sulke suke shiga. Matsalar ita ce kafin ka samu wannan bayani na minti biyu, sai ka biya da sauraron yadda aka gina otal ɗin Durbar tun daga tushe.

Kusa da shi akwai abokin gabarsa, yaron da ya yi hidimar ƙasa a Kuros Riba. Kowace magana tasa da “A Kalaba” take farawa. A Kalaba ana rufe tituna. A Kalaba manyan motoci ne ke ɗauke da lasifika. A Kalaba kowace ƙungiya da kalar kayanta. Duk gaskiya ne. Gwamna Donald Duke ne ya assasa bikin na Kalaba a 2004, ana yin sa a watan Disamba, kuma ya ja baƙi daga nesa. Abin da ɗan namu bai gani ba, saboda ranar fareti kawai ya fito da wayarsa, shi ne watannin da teloli da masu walda da masu koyar da rawa suke shafewa suna aiki kafin ranar, da kuma aljihun gwamnatin jiha da ke bayan abin. Shi yana so a yi irin wannan a cikin mako uku, da kuɗin karo-karon naira ɗari biyar-biyar. Ranar da ya nuna wa kwamiti hoton kayan da 'yan matan Kalaba suke sawa, liman ya karɓi wayar, ya duba, ya mayar masa, ya ce a ci gaba da magana ta gaba.

Shi mai maganar Kalaba yana da ɗan uwa a ra'ayi, wanda shi kuma Argungu ce ta shiga ransa. Ya dage sai an sa gasar kamun kifi. A gaya masa garin nan kududdufi ɗaya gare shi, shi ma kafin watan Janairu ya ƙafe, sai ya ce ai da haka kowa ya fara. Ba da haka Argungu ta fara ba. Bikin can ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Suna da kogin Matan Fada, suna da Sarkin Ruwa, suna da masunta da suka gaji homa da gora kaka da kakanni. Da wannan suka kai har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk da haka sai da ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a farfaɗo da shi a 2020. Mutuminmu ya ji duk wannan, ya gyaɗa kai, ya ce to a sayo tarwaɗa a zuba a tankin masallaci.

Shi Malam ba ya ɗaga murya. Yana bari a gama tsara komai, sannan ya yi gyaran murya, sai ka ga kowa ya gyara zama. “Allah gafarta Malam, akwai magana?” Akwai. Kiɗa, da cakuɗuwar maza da mata, da kai wa dare. A nan ake fara ciniki, kuma in ana son gaskiya Malam ya fi kowa iya ciniki a kwamitin. Ya sa a ja igiya tsakanin maza da mata, a tsaya cak da an kira salla, a tashi kafin isha. Iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata su leƙo filin ba in ba don sun ji Malam ya sa baki ba, don haka rabin 'yan kallon ma shi ya kawo su. Ranar biki shi ke buɗewa da addu'a. Ana sa ran zai tafi bayan ya shafa, sai a gan shi ya zauna a gefen filin kokawa, wai don ya tabbatar ba a wuce gona da iri ba. Da aka ɗaga ɗan unguwarsu aka buga da ƙasa, an ji wani ya ce “Kai! Ƙafa zai kama!” Ba a dai tantance muryar wa ce ba.

Sai Jami'ar Koyar da Sana'a, wadda saboda ita aka ƙara rabin sunan bikin. Tana zuwa da jaka, da rajista, da tabarau a goshi. Shirinta a shirye yake tun kafin ta san sunan garin: kwana uku, rumfa ɗaya, sabulun ruwa da man shafawa da turaren wuta. Na rasa wanda ya yanke wa matan ƙasar nan hukuncin cewa sabulun ruwa ne mafitarsu. Bara shi aka koya, bana shi za a koya. A unguwa ɗaya sai ka tarar kowane gida akwai mai haɗa shi, kowace tana jiran maƙwabciyarta ta zo saye, alhali ita ma maƙwabciyar jarkokinta na nan jere a bayan ƙofa. In ka ce, “Hajiya, ga karofi can ya kusa mutuwa, ga masaƙa biyu da suka rage a garin, me zai hana a kai yaran can?” sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce wannan ba ya cikin tsarin da aka amince da shi. Kuma tana da hujja. Rini ba ya koyuwa a kwana uku, ga shi yana baƙanta hannu, ba ya kyau a hoton rahoto.

Ita kuwa tana da amintaccen ɗalibi, Ɗan Bita. Wannan bai taɓa jin an ce za a koyar da wani abu bai rubuta sunansa ba. Ya koyi kiwon kifi, ya koyi gyaran waya, ya koyi haɗa takalmi, har ɗinkin jaka ya shiga da sunan ƙanwarsa. Takardun shaidarsa sun cika leda guda. Tambayarsa ta farko a kowane zama ita ce, “Akwai kuɗin mota?” alhali gidansu na kallon filin. In aka yi sa'a aka raba keken ɗinki, kafin a naɗe tabarmi ya riga ya sami mai saye a bakin ƙofa, domin akwai dillalin da shi ma sana'arsa ke nan, jiran ranar rufe bita. In ka tambaye shi me yake yi yanzu, sai ya ce jari yake jira.

Honorabul ba ya zuwa taron kwamiti, yaronsa yake turowa. Sharaɗinsa ɗaya ne, hotonsa a jikin allon biki, kuma in an buga sai ka matsa kusa kafin ka gano sunan bikin a ƙarƙashin haɓarsa. An ce ƙarfe goma, shi sai bayan la'asar, da jiniya. A dakatar da 'yan dambe suna tsakiyar turmi, a tashi dattawa daga kujerun gaba. Maroƙi ya wasa shi har ya ji kansa ya yi nauyi, ya karɓi abin magana ya yi alƙawarin miliyan, filin ya ɗauki tafi da guɗa. Bayan biki a je karɓa, a ce Oga yana Abuja.

Duk wannan hayaniya, akwai waɗanda ba a sa sunansu a takarda ba, kuma su ne bikin. Ga tela. Kowa ya san halinsa, “Gobe in sha Allah” ita ce gaisuwarsa, kuma goben tela Allah kaɗai ya san ranarta. An ba shi ankon samari arba'in, ya karɓa da fara'a kamar ba shi da wani aiki a duniya. Ana saura kwana biyar sai hankalinsa ya tashi, ya tattaro duk yaron da ke zaman banza a layin. Wannan ya riƙe almakashi, wancan ya sa maɓalli, wani ya yi guga, janareta na kuka har asuba, shi kuma yana zagi yana gyara musu hannu. Kafin a gama biki, yaro biyu ko uku sun iya ɗinka wando, ɗaya ma ya fara taɓa aikin wuya. Ba wanda ya ba su takardar shaida, ba wanda ya ba su kuɗin mota, sai shayi da burodi da ranƙwashi.

Haka abin yake a rumfar baduku, inda ake gyaran sirdi da linzami da ragama, yara na zaune suna miƙa basilla. Haka yake a gidan makaɗa, inda za a sake wa kalangu fata a ja tsarkiya, ɗan ƙaramin da aka hana taɓawa shekara da shekaru yau an ce ya gwada saboda hannu ya yi kaɗan. Mai lura zai ga cewa hawan sallar Kano da UNESCO ta karrama a 2024, da Hawan Daushensa da Hawan Nasarawansa, a kan irin waɗannan mutane yake tsaye. Kowane doki da ya wuce gaban Sarki ya ci aikin maƙeri da majemi da baduku da mai ɗinkin jalala, kowane rawani da babbar riga sun bi ta hannun marini ko mabugi ko mai surfani. Ranar hawa ce take tilasta a yi odar kayan, odar ce take sa maigida ya nemi yara, yaran kuma a nan suke koyo. Kwamiti kuwa ya ware wa rumfar sabulu kaso mafi tsoka, ya ce wa baduku ya yi haƙuri, ai aikin gari ne, lada zai samu.

Goggo mai tuwo ma ladan aka ce ta jira. Ba ta taɓa riƙe biro ba, amma da ta leƙa filin sau ɗaya ta san kwano nawa na shinkafa za a auna, itace kaya nawa, tukunya nawa za a aro daga gidan wa. Ita ke raba wa 'yan mata aiki, ita ke sanin wanda ya karɓi kwano sau biyu ya canza hula. A taro in ta buɗe baki sai shugaba ya ce, “Goggo, a bari mu gama da manyan batutuwa.” Manyan batutuwan kuwa su ne wa zai zauna kusa da Hakimi.

Mai waya ba sai an daɗe a kansa ba. Yana tsakiyar fili, ya juya wa dawaki baya yana yi wa mabiyansa na TikTok bayani, sai da zagi ya fizge shi daga gaban wani akawal.

Daga ƙarshe sai Ma'aji. Kafin biki kullum yana nan, da littafinsa a hammata, yana bin shago-shago. Bayan biki sai ciwon baya ya kama shi. A sa ranar karanta lissafi, ranar ta zo daidai da rasuwa a dangin matarsa. A sake sawa, wayarsa ta faɗa ruwa. Ran da aka samu ya zo, sai ya miƙe ya karanta: hayar rumfa kaza, kujeru kaza, ruwan leda kaza, sannan wani babban layi mai suna “sauran abubuwa” wanda ya fi duk na sama in an haɗa su. Tela ya ɗaga hannu ya ce, “Ranka ya daɗe, cikon kuɗina fa?” Ma'aji ya buɗe shafi, ya rufe, ya ce ai in an duba da kyau kwamiti ne ma yake bin gari bashi, domin shi da aljihunsa ya cika kuɗin lasifika. Shugaba ya ce a yi masa kabbara. Aka yi. Sannan aka kawo shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki lissafin, aka nemi wanda ya san kan kuɗi ya jagorance shi, aka duba aka duba, ba a sami wanda ya kai Ma'aji ba.