Sisin Gwal Mai Takardar Shaida

A Amurka, wasu masu tara sisin gwal don ranar ritaya sai sun fara kai shi jarrabawa. Kamfanoni irin PCGS, da aka kafa a 1986, su duba shi da madubi, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin roba, mai shi ya biya. Wannan ya ci 69, ɗan'uwansa ya ci 70, nauyinsu ɗaya, amma farashi ya sha bamban.

Na ba wani tsohon malamin firamare labarin nan a Talata Mafara, ranar kasuwa. Shi fanshonsa na gaskiya ɗan kunnen uwargida ne da shanu biyu a Bakura. Ya yi dariya har hula ta karkace.

"Malam, a nan mai saye dutse gare shi. Ya goga, ya ɗora kan sikeli. Giram nawa? Karat sha takwas ne ko ashirin da ɗaya? Shi ke nan."

Ko nisabin zakka da nauyi ake lissafa shi, dinari 20. In za ka kai naka kasuwa, cire robar tukuna, ba a auna ta.