Yadda Ake Lallaɓa Dattijo Mai Son El-Kanemi

Idan Allah ya ba ka uba wanda ya miƙa wa El-Kanemi Warriors zuciyarsa tun gemunsa yana baƙi, abu na farko da za ka bari shi ne tambayarsa dalili. Samarin unguwannin Lokuwa da Sabon Layi na Mubi sukan ce, "Baba, mu fa 'yan Adamawa ne, ga Adamawa United can a Yola, me ya haɗa mu da ƙungiyar Maiduguri?" Kada ka bi sahunsu. Daga 1967 zuwa 1976 Mubi tana cikin Jihar Arewa maso Gabas, Maiduguri ce babban birni. A kan idonsa aka yi Jihar Gongola, a kan idonsa aka yi Adamawa a 1991, amma hanyar da ƙafarsa ta saba ita ce ta Michika, Madagali, Gwoza da Bama. Da aka kafa ƙungiyar a 1986, 'yar gida ya ɗauke ta, kuma ba a sake shawara ba.

Sai ka haddace shekaru biyu. A 1991 El-Kanemi ta ci Kano Pillars 3 da 2 ta ɗauki Kofin Ƙalubale, a 1992 kuma ta doke Stationery Stores ta Legas da ci ɗaya mai ban haushi ta riƙe kofinta. Baba zai ba ka wannan labari, kuma zai sake. Aikinka shi ne ka ɗora shayi, ka tanƙwashe ƙafa a gefen tabarma, duk inda ya numfasa ka ce, "Sai aka yi yaya, Baba?" Ko da ka san ƙarshen, kada ka riga shi faɗa. In kana da suruki Bakano da zai zo gaisuwa, ka ja shi gefe tun daga zaure ka gaya masa abin da ke jiransa, domin shi za a zaunar a kusa.

Ranar wasa tana da nata ƙa'idoji. Batirin rediyo a saye shi tun jajibere, maganin hawan jini a sha shi kafin la'asar. Kada ka ce za ka sauya masa rediyon da babbar waya; wannan akwatin mai ɗaurin roba ya san muryarsa. In sakamako ya riga ya shigo wayarka, ka daure fuska, ka bar shi ya ji da kunnensa. Ranar da aka ci su, alƙalin wasa ne mai laifi, kai kuma ka shaida haka. Maganar kuɗin makaranta ko gyaran kwano ta jira. Amma ranar da suka ci, duk mai buƙata a gidan ya matso: jikan da ke son keke, da Inna da ta daɗe tana zancen sabuwar atamfa.

Jikoki masu rigar Arsenal da Chelsea a bar su su tafi gidan kallo, sai dai a koya musu su riƙa tambayar Kaka, "Yaya Warriors?" kafin su fice. Wannan tambaya kaɗai tana sa shi yini da fara'a.

Akwai wuri ɗaya da ba a raha. A Oktoban 2014 Boko Haram ta shiga Mubi, mutane suka bar gidajensu, wasu Yola, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru. A wancan lokacin ita ma El-Kanemi ba ta iya wasa a filinta, sai aron fili a Kano da Katsina. Dattijon da ke zaman gudun hijira a ɗakin ɗan'uwa, yana jin ƙungiyarsa tana buga "wasan gida" a garin wasu, ya san ciwon da ke cikin wannan kalma. In ya kai nan a labarinsa ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Ni dai ban ga laifin mutumin da ya ƙara riƙe ƙungiyarsa bayan wannan ba.

Kuma kada ka taɓa ce masa zamaninsu ya wuce. Masu faɗin haka sun ji kunya a 2024, lokacin da El-Kanemi, tana rukuni na biyu, ta ci Abia Warriors 2 da nema a Legas ta sake ɗaukar kofin bayan shekara 32. Yanzu shekarun da za ka haddace sun zama uku, labarin ya ƙara tsawo. Ka ƙara ganyen shayi, ka nemo buta mafi girma, ka kuma gaya wa Inna kada ta yi saurin zuba tuwo.